Zafin Inji: Motoci Sun Canza, Hannunmu Bai Canza Ba

Duk garejin da ka leƙa a ƙasar nan tsakanin Maris da Mayu, da wuya ka rasa mota ɗaya da aka ɗage wa bonet, ga galan ɗin ruwa a gefe, mai ita kuma ya yi tagumi a kan benci. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: obahitin take yi. An wanke lagireto, an canza fanka, an cire tamostat, wataƙila ma an sauke top silinda an sa gaskit har sau biyu, amma da ta hau titi sai allura ta kama hanyar ja. Na shiga sana'ar kanikanci a Kaduna wajen ƙarshen shekarun 1970. Daga lokacin zuwa yau motocin da ke shigowa hannunmu sun sake jiki gaba ɗaya, mu kuwa yawancin dabarunmu na zafin inji tun na zamanin Fijo ne muke ja.

Iyayen gidan da suka koya mana aiki a kan manyan motoci suka taso: Bedford da Austin masu bodin katako, daga baya kuma roka ta Mercedes. Injinansu baƙin ƙarfe ne daga gindi har kai, lagireto na tagulla, fanka kuma ɗaure take a goshin famfon ruwa, fambel na jan ta. Muddin inji na juyawa, ita ma tana juyawa. Irin wannan inji haƙuri gare shi. Ya tafasa a kan tudu, direba ya gangara gefe, yaron mota ya sa weji, a jira ya huce, a ɗura masa ruwan rafi a ci gaba da tafiya, kuma a shekara ana haka bai ce uffan ba.

Da yawa cikin waɗannan dattawa a garejin kamfanoni suka yi koyo, irin su SCOA da UTC da Leventis, wasu kuma a garejin En'e ko na ma'aikatar ayyuka, inda ake da littafin kowace mota da sifana mai awon ɗauri. Sun sha ba mu labarin yadda bayan rikicin 1966, da kanikawa 'yan kudu da dama suka bar Kano da Kaduna da Zariya da Jos, yaran da ba su gama koyo ba suka wayi gari su ne masu gareji. Sun riƙe sana'ar, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai littafi bai bi su gindin bishiya ba. Abin da hannu ya iya shi aka gadar mana, dalilin yin sa kuma aka baro shi a can.

Ni a zamanin Fijo, wato Peugeot, na buɗe ido. Kamfanin harhaɗa ta da ke Kakuri a Kaduna ya fara fitar da mota a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, ga kuma rancen mota da gwamnati ke bayarwa. Kafin ka ce kwabo 504 ta cika gari: ta ofis, ta 'yan sanda, ta haya mai zuwa Legas, ga akori-kura 404 tana jigilar buhuna a ƙauyuka. A daidai lokacin Volkswagen na harhaɗa Beetle a Legas, wadda ba ta da lagireto balle ɗigon ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Ita in ta yi zafi, ko fambel ne, ko kuma wani ya cire gwangwanayen da ke kewaye da inji yana ganin ado ne bai mayar ba. Amma makarantarmu ta gaskiya 504 ce, kuma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, an daɗe da daina yin ta a Faransa.

Injin 504 gindinsa baƙin ƙarfe ne, kansa alminiyom, silindoginsa kuma layina ne masu cirewa waɗanda ke zaune tsundum cikin ruwa. Darasin farko da maigidana ya cusa mana shi ne, in ka ɗaga top silinda kada ka kuskura ka juya inji sai ka danne layinan, domin in suka motsa daga mazauninsu ruwa zai gangara cikin baƙin mai, aikin yini ɗaya ya koma na mako. Wasu daga cikin motocin suna zuwa da fanka mai maganaɗisu, wadda ba ta kamawa sai zafi ya kai. Wani ɗan gawayi ne ke kai mata wuta, in ya cinye sai ta daina kamawa. Masu ƙera motar sun bar sukurorin da za a ɗaure ta da su ta riƙa juyawa ba tsayawa, don direban da abin ya ritsa da shi a daji ya samu ya kai gida. Mu sai muka mai da dabarar kai wa gida ta zama gyara. Duk wanda ka ji yau yana cewa a haɗa fanka dairek, to jikan wannan ɗauri ne.

Mai lagireto a wancan lokaci mutum ne mai daraja a gareji, kuma sana'arsa daban take da tamu. Zai hura fitilar kananzir, ya narkar da dalmar da ta riƙe tankin sama, ya ɗage shi, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe mai faɗi yana zurawa har sai ruwa ya wuce sarai, ya jiƙa shi cikin soda, ya mayar da tanki ya like. Sannan ya toshe bakunan, ya hura iska, ya tsoma cikin baho yana neman kumfa. Bututun da ya huje in ba ya likuwa sai a matse shi sama da ƙasa a kashe shi, kuma gwani ya san iya adadin da zai kashe kafin lagireton ya gaza. In mota ta haya ce mai dogon zango, sai a sake mata ciki mai layi uku ko huɗu. Lagireto ɗaya yakan ga mota uku. A hanya kuwa, in ya fara yoyo, direbobi suna da nasu magani: ɗanyen ƙwai, garin barkono, garin taba. Suna toshe hujin kuwa, tare da rabin bututun da ba su yi laifin komai ba, daga baya aikin ya dawo wa mai lagireto.

A nan ne kuma aka haifi maganar cire tamostat, kuma in za a yi adalci, iyayen gidanmu suna da hujja. Ruwan rijiya ake zubawa, tsatsa da gishirin ruwa su kama tamostat ya maƙale a rufe, inji ya tafasa cikin 'yan mintuna. A cire shi a jefar, mota ta warke nan take, mai ita ya yi godiya. Injin kafireto ba shi da wanda zai kai wa ƙara in yana aiki da sanyi. Iyaka ya ɗan ƙara shan mai, fetur kuma a lokacin kusan kyauta ne. Sai labari ya bazu cewa abin na ƙasar sanyi ne, Turawa sun sa shi saboda ƙanƙara. Ba wanda ya tsaya ya ce wanda aka cire ɗin lalatacce ne, sabo ya kamata a mayar.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 shi ya juya komai. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kamfanonin harhaɗawa suka fara tangaɗi, sai tsofaffin motoci 'yan Beljiyam suka fara kwararowa, da yawa ta Kwatano. Golf da Passat da Opel da Mazda da Honda da Toyota, kowace da nata tsari, ba littafi, ba wakili, kayan gyara kuma sai abin da aka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko aka yo oda daga Ladipo. Mun buɗe bonet mun ga inji a kwance a gicciye, fanka ta lantarki wadda ba ruwanta da fambel, lagireto na alminiyom da tankin roba da aka danne da 'yan haƙora. A Golf ma lagireton ba shi da murfi, wani ɗan tulun roba ne a gefe ke riƙe da shi. Masu lagireto da yawa a nan kasuwarsu ta mutu. Dalma ba ta kama alminiyom yadda take kama tagulla, sodar da suke wanki da ita cin sa take yi, bututun kuma sun yi sirantakar da ƙarfen zurawa ke fasa su. Wasu suka koma liƙi da gam, wasu suka koyi buɗe haƙoran suna sake tanki, wasu suka bar aikin.

Abin da bai canza ba shi ne ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da nauyi, in ya sha zafi yakan bar farin ɓawo kamar wanda ke kama cikin butar mai shayi. Lagireton tagulla mai faɗin bututu yana jure wannan na shekaru, a zo a zure shi. Na alminiyom ba ya jurewa. Ga kuma wata ɓarna da ido ba ya gani: inda aka haɗa baƙin ƙarfe da alminiyom cikin ruwa tsura, ɗaya yana cin ɗaya. Na sha cire famfon ruwa in tarar da fukafukansa sun zagwanye saura guntaye, yana juyawa lafiya, ba ƙara, ba yoyo, amma ba ya tura komai. Irin wannan motar ce ake canza wa komai ban da abin da ke damun ta.

Kulan, wato ruwan nan mai launi, nan amfaninsa yake. Dattawan da ke cewa ruwa tsura ya fi ɗaukar zafi ba ƙarya suka yi ba, haka abin yake. Kuma gaskiya ne cewa asalin sinadarin don hana daskarewa aka yi shi, abin da ba ya damunmu. Amma cikinsa akwai maganin tsatsa da cin ƙarfe, kuma in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta yakan ɗaga ma'aunin tafasa zuwa wajen digiri 107. Matsalarmu ita ce kasuwa ta cika da ruwan da aka rina kawai aka ɗura a galan. Na gaske kuma guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a buɗe inda yara ko awaki ke yawo. Garin wanki da wasu ke zubawa wai don wanke ciki, kumfa yake yi, famfo kuma ba ya tura kumfa.

Sai murfin lagireto, wanda shi ne abu mafi araha a duk tsarin kuma wanda aka fi rainawa. Ruwa a buɗaɗɗen wuri yana tafasa a 100, a Jos ma da ke kan tudu tun wajen 96 yake tafasa. Injin zamani kuwa an yi shi ne ya yi aiki a wajajen 90, wani lokaci ya haura. Ratar kaɗan ce. Murfin ne ke danne ruwan da matsi har ya kai kusan 120 bai tafasa ba, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa gudu zuwa 'yar robar ajiya yana zubewa kaɗan-kaɗan, kullum da safe a ƙara, har ranar da aka manta. Na ga injin da aka sauke saboda murfin da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba. Na kuma ga wanda aka toshe wa baki da leda da tsumma aka ce ai murfi murfi ne.

Sauyi na gaba ƙwaƙwalwar mota ce ta kawo shi. Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da kafar da ake jona na'urar bincike, kuma da motocin Amurka suka fara rinjayar na Turai a kasuwarmu, Camry da Accord da Corolla da Sienna, sai muka samu kanmu da injin da ke auna zafin kansa yana yanke hukunci. Ƙwaƙwalwa ce ke kunna fanka, ita ke rage mai ko ta ƙara bisa abin da sansa ta gaya mata. Cire wa irin wannan inji tamostat ɓarna biyu ne. Da safe ko a kan doguwar hanya lokacin hunturu ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu dumama yake yi, ta yi ta antaya fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ta biyu ita ce wadda mutane ba su sani ba. Tamostat na injina da yawa yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda in ya buɗe hanyar lagireto sai ya rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu shi, gajeriyar hanyar a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan ya yi ta kewaya inji bai taɓa ganin lagireto ba. Sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don ta yi sanyi ta fi da zafi a kan tudu.

Har gobe sai mai mota ya zo ya ce, “Malam, ka cire mata abin nan kawai, na ƙasar sanyi ne.” Nakan ce, “Alhaji, motocin da ka hau tsakanin Makka da Madina duk da shi suke yawo, kuma ka san zafin can.” Wasu su yi dariya su yarda, wasu su wuce garejin gaba a cire musu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 dai na lura masu yarda sun ƙaru, domin yanzu kowa yana lissafin lita. Gwada tamostat kuma ba ya buƙatar na'ura: tukunya da ruwa da wuta, ka ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe in ya huce. Yawancin na motocin Japan 82 aka rubuta a jikinsu.

Fanka dairek ma haka. Tana juyawa tun daga tayar da mota har kashewa, ta gaji da wuri, ta ja batir, wayar da aka jona ba fiyus ta yi zafi, kuma ainihin abin da ya lalace, ko rile ne ko sansa, yana nan ba a taɓa shi ba. Na sha ganin rewaya ya juya wayoyin, fanka tana ta ruri amma gaba take tura iska, tana faɗa da iskar da mota ke shaƙa in tana gudu. Takarda ɗaya a gaban lagireto ta isa ta tona wannan: in ta manne, daidai ne, in ta tashi, an juya.

Abin da shekarun nan suka koya wa waɗanda suka yarda su koya shi ne, kafin ka ɗauki sifana ka tambayi mai mota: yaushe take zafin? Amsar tana raba aikin biyu. In a gosulo take yi, da an samu hanya kuma allura ta sauko, to maganar iska ce. A duba fanka, a duba ko tana da gudu biyu ɗaya ya mutu, a duba robar da ke kewaye da ita wadda ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto, domin masu gyaran jiki sukan jefar da ita bayan karo. A kuma raba lagireto da kwandensar esi a leƙa tsakani. Abin da ke taruwa a wannan rata bayan ƙurar hunturu, da ciyawa da fara da leda, yakan zama tabarma sosai, kuma daga waje ba ka ganin komai.

In kuwa a gari lafiya take, sai an ɗau hanya ko an kama tudu irin Hawan Kibo da kaya take tashi, to iska tana isa, ruwan ne ba ya gudu yadda ya kamata ko lagireton ba ya iya zubar da zafin. A kashe inji a shafa fuskar lagireto a hankali: inda ka ji sanyi alhali gefensa na ƙuna, bututun wurin a toshe suke. A taka totur a kalli tiyon ƙasa, in ya tsufa yakan shanye ya manne in famfo ya ja da ƙarfi, ya koma daidai da an saki. A tuna da famfon da fukafukansa suka cinye, ko irin na roba da ke sakin sandarsa in ya ji zafi, wanda masu gyaran Golf 4 suka san shi sarai. A tsofaffi masu distiributa a duba taimin, domin wuta in ta makara inji zafi yake yi. Salansa da ta toshe ma tana yi, birki mai kamawa ma yana yi. Wani lokacin kuma motar ba ta da laifi: Golf 3 da aka yi don mutum biyar, an ɗora mata mutum goma da buhunan masara a rana tsaka, me ake so ta yi?

Wadda ke tashi cikin 'yan mintuna da tayarwa, tiyo ɗaya na ƙuna ɗaya da sanyi, ko tamostat ne ya maƙale ko iska ce ta tare hanya. Peugeot 406 ta wahalar da mutane a kan wannan. Tana da 'yan sukurorin fitar da iska a wurare daban-daban, in ka zuba ruwa ba ka buɗe su ba, za ta nuna maka ta cika alhali rabin kanta iska ce. An sha ɗora wa 406 laifin zafi a kan abin da yake rashin sanin hanyar cika ta ne. Akwai kuma wadda allura ke ja amma inji ba ya tafasa, tiyo ba ya kumbura, ba ƙauri. Wannan sansa ce ko wayar ƙasa ta saki. A motocin baya-bayan nan ma allurar ba ta faɗin gaskiya duka, an tsara ta ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa, in ta motsa abu ya riga ya yi nisa. Na'urar bincike ce ke ba ka ainihin lambar.

Gaskit na bari a ƙarshe da gangan, domin a garejinmu ita ake fara zargi. An bar jaki ana dukan taiki. Gaskit ba ta cika ƙonewa haka kawai ba, zafi ne ke ƙona ta, zafin kuma wani abu ne ya kawo shi. In ka sa sabuwa ba ka nemo wannan abin ba, ka sayar wa mutum wata ɗaya ko biyu ne kawai. Haka wanda ya gaji ya sayi inji ɗan Beljiyam, aka ɗora a kan tsohon lagireto da tsohon murfi da fanka mai gudu ɗaya. Kafin damina ya dawo yana zagin mai sayar da inji.

Ba kuma kowace gaskit da ta ƙone ke haɗa ruwa da mai ba. Mutane sun saba duba sandar awon mai, in ba su ga ya yi fari ba su ce lafiya. Sau da yawa hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa ta wata 'yar kafa, ya kumbura tiyo tun inji bai yi zafi ba, ya kori ruwa ta robar ajiya. Alamunsa kumfa mai tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, tiyon da ka tarar da tauri da safe bayan mota ta kwana, fulogi ɗaya da ya fi sauran tsabta, ko inji ya yi ɗan rawa a tayarwar farko. Akwai wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin 'yar kwalba, in hayaƙi na shiga sai ya koma rawaya. Minti biyar ya raba gardama, amma garejin da ke da shi ƙalilan ne.

In ta tabbata gaskit ce, a nan ake gane wanda ya koyi aiki. Kan alminiyom yana lanƙwasa in ya sha zafi, kuma a injina da yawa abin da aka yarda da shi bai wuce 0.05 na milimita ba, ido ba ya ganin wannan, sai da miƙaƙƙen ƙarfe da filageji. A kai shi wajen masu sikimin, amma a san cewa kowane kai yana da iyakar abin da za a ɗebe, in an wuce matsin silinda ya ƙaru, inji ya riƙa ƙara, zafi ya dawo ta wata ƙofa. Masu haɗa gaskit biyu don cike gurbi suna ƙara wa kansu aiki ne. A duba tsaga tsakanin bawul. A wanke ramukan ƙusoshi, a ɗaure bi da bi daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo, ba da bututun da ake ƙara wa hannu yaro ya rataya a kai ba. Injina da yawa na yanzu ƙusoshin kansu miƙewa suke yi in an ɗaure, ba a so a maimaita su. Masu gyaran Camry mai injin 2.4 ta 2002 zuwa 2006 sun san wani abu kuma: zaren ramukan baya a gindin alminiyom yakan saki, ƙusa ta yi ta juyawa ba ta kamawa, ko gaskit goma ka sa sai an sake wa ramin zare.

Wata magana da ba ta tsufa: kada a buɗe murfi inji na tafasa, kada kuma a sheƙa wa kan inji ruwan sanyi. Na farko yana ɗaye fuska da hannu, akwai abokan aikinmu da ke yawo da tabon har yau. Na biyu yana tsaga top silinda.

Yaran da ke tasowa yanzu sun fi mu dama. Wayar da ke aljihunsu tana iya nuna musu littafin kusan kowace mota, abin da iyayen gidanmu suka rasa tun da suka bar garejin kamfani. Na'urar bincike ƙarama ta yi araha, haka bindigar auna zafi da ake haska wa tiyo ta faɗi lamba, haka famfon gwada matsi da ke tona yoyo mota na tsaye a sanyi. Abin da na ga yana hana su shi ne tsoron oga. Yaro ya karanta cewa tamostat na da amfani, oga ya ce cire, ya cire, bayan shekara biyar shi ma ya ce wa nasa yaron cire. Ga kuma masu mota da ba sa biyan kuɗin bincike: in ka yi awa biyu ka gano murfi ne, sai a ba ka na goro, in ka sauke inji a banza a biya ka da daraja. Muddin haka lissafin yake, za a ci gaba da sauke injina.

Kirana ga 'yan'uwana masu gareji, musamman shugabannin rassan ƙungiyarmu ta NATA, shi ne kowane rukunin gareji ya haɗa kuɗi ya sayi famfon gwada matsi da shuɗin ruwan gwajin gaskit da sifana mai awo, a ajiye wajen mutum ɗaya amintacce, kuma kada a yaye yaro sai ya iya aiki da su. Kai kuma mai mota, in ka zo ka faɗi gaskiyar lokacin da take zafin da abin da aka riga aka cire mata, ka biya kuɗin bincike ko da abin da aka gano ƙarami ne, kuma kada ka yarda a kwance maka top silinda sai an nuna maka shaidar da ta sa.